Filin Giginya da unguwannin da suka taso a bayan ganuwa

Ni haifaffen bayan ganuwa ne, kuma na daɗe ina ganin cewa wanda yake son sanin Sakkwato ta yau bai kamata ya tsaya ga Hubbaren Shehu Ɗanfodiyo da Kanwuri, wato unguwar fadar Sarkin Musulmi, kaɗai ba, sai ya fito ta Ƙofar Atiku ya nufi kudu, inda garin ya bazu bayan zuwan Turawa. A wannan sashe ne filin da muke kira Dandalin Shehu Kangiwa yake, wanda dattawa har yanzu bakinsu ya fi sabawa da kiransa Giginya.

A nan ne ranar 15 ga Maris, 1903, rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ta tari sojojin Ingila, dawaki da masu da takubba a gaban bindiga mai ruwan harsashi. Kafin rana ta take an gama, Sarkin Musulmi ya yi hijira zuwa gabas har ya yi shahada a Burmi cikin watan Yulin wannan shekara. Sunan da filin yake ɗauke da shi yanzu na gwamnan farar hula na farko ne a Jihar Sakkwato, wanda ya hau mulki a 1979 ya rasu a 1981 bayan ya faɗo daga kan doki wajen wasan folo a Kaduna.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne mutanen da suka zauna kewaye da wurin. Da aka mai da Sakkwato hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, an haɗa lardin Sakkwato da na Neja ƙarƙashin gwamnati ɗaya, sai ma'aikata suka kwararo daga Bida da Minna da Kwantagora da Zuru, kuma tun da cikin birni ya cika da gidajen gado, a bayan ganuwa suka sami masauki. Jami'ar da aka kafa a 1975 ta ƙara jawo wasu. Ko bayan an raba jihar a 1976, da yawa ba su koma ba, domin 'ya'yansu sun riga sun zama 'yan gari, har harshensu ya karye da Sakkwatanci. A layinmu maƙwabcinmu na dama Banufe ne malamin asibiti, na hagu Badakkare ne tsohon soja, sai wata Bayarabiya da muke kira Iya, wadda a shagonta muke sayen sabulu da kananzir, ta kuma san ranar sunan kowane yaro a layin. Inyamuran da ke sayar da kayan gyaran mota da na gini wajen titin Emir Yahaya, wasunsu a nan aka haifi iyayensu. Ga Zabarmawa 'yan ga-ruwa, ga Buzaye masu gadi da tukunyar shayinsu.

Masallaci da coci sun raba mu wajen ibada, kasuwa kuma kowa da rumfarsa, amma filin nan na kowa ne. A can muka yi macin 'yan makaranta ranar 1 ga Oktoba, a can muka koyi ƙwallo da tuƙin keke, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa daga ina kakansa ya fito.

Damuwata ita ce inuwa. A garin da zafi kan haura digiri 40 cikin Afrilu, fili marar isassun itatuwa ba ya zaunuwa sai bayan la'asar, shi ya sa tsofaffi da mata masu goyo suka fi kowa rashin moriyarsa. Ina fatan a yawaita dogon yaro a gefunansa, a sa kujerun siminti da famfo, a kuma dasa giginya ko da 'yan ƙwarori ne, domin makon jiya da na ratsa wurin da ɗana na ambaci tsohon sunan, sai ya waiga yana neman itacen, ya tambaye ni, "Baba, ina take?"