Gardamar hura ta kai mu har Amurka

Shekaranjiya da dare a majalisarmu ta Mabera gardamar hura ta sake tashi, ni wallahi na gaji da ita amma bakina bai iya yin shiru. Ɗaya daga cikinmu ne ya shigo da robobi huɗu masu sanyi daga irin shagunan nan da ke markaɗa hura da yogot a blenda, a sa kwakwa da dabino wani lokaci har da ayaba, ya dire kan benci yana ta washe baki. Kawu, wanda shi ne babbanmu a wurin, ya ɗauki guda ya girgiza ya ɗaga ta a hasken fitilar mai shayi, yac ce wanga ai abincin jarirai ne. Hurar da babu gaya cikinta, ba a dama ta da ludayi cikin ƙwarya ba, a nema mata wani suna. Nan fa aka rabu biyu, samari na cewa Kawu zamani ya wuce ku, shi kuma yana cewa awo, ya wuce mu ya bar ku da kunun kanti.

Na ɗora maganar a gurup ɗinmu na WhatsApp don neman magoya baya, sai ga saƙon murya na minti tara daga wani abokinmu da ke karatun kimiyyar abinci a Amurka. Yana dariya yac ce irin wagga gardama sak turawa ke yi can, amma su kan giya. To tun kahin wani ya hau ni da wa'azi, shi bai sha ni ban sha, haramun ce mun sani, kuma nan Sakkwato tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000 ba abin da ake kasawa a fili ba ne. A aji malaminsu ya kawo misalin, suna darasin abin da ke sa abin sha ya yi garau ko ya yi dishi-dishi. Labarin ne ya kama ni har na kwana ina karance-karance.

Akwai wata irin giya da suke ce ma IPA, asalinta Ingila. Zamanin da turawan Ingila ke mulkin Indiya ana loda ta a jirgin ruwa ta yi watanni tana zagaya ƙasan Afirka kahin ta isa, don haka ake cika mata wani fure mai ɗaci da suke kira hops, shi ke hana ta saurin lalacewa. Garin Burton ya yi suna da ita saboda ruwan rijiyoyinsu akwai jifsam a ciki, irin dai wanda ake haɗawa a siminti can Kalambaina, kuma shi ke ƙara fito da ɗacin. Da Amurkawa sunka ɗauke ta, musamman mutanen Kalifoniya daga shekarun 1970 zuwa sama, sai sunka ƙara mata ɗaci, kuma abin alfaharin mai yin ta shi ne ta fito garau, ka ɗaga kofi ka hango mutum ta ciki. In ta yi duhu-duhu to an ce ba ka iya ba.

Sai wani mutum John Kimmich a jihar Bamont, mai wani ɗan kamfani The Alchemist, ya fara yin wata da ya sa ma suna Heady Topper, bai tace ta ba sam. A 2011 sunka fara zuba ta a gwangwani, kuma jikin gwangwanin an rubuta a sha daga ciki kada a juye a kofi. Shi ya ce don kada ƙamshi ya gudu ne, masu suka sunka ce kunyar kamanninta yake ji. Mutane dai sunka riƙa bin layi suna saye, wasu kamfanonin sunka kwaikwaya har sunka zarce shi, aka samu wadda in ka gan ta a hoto sai ka rantse lemun mangwaro ne. Sunan da sunka ba ta Hazy IPA, kuma abin dariya kalmar tasu kusan hazo take nufi, irin namu na hunturu da ke rufe gari har jirgi ya kasa sauka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake samun hazon. Ni da na ɗauka ƙin tacewa ne kawai, lalaci, ashe aiki ne. Bayan sha'ir suna ƙara alkama da ots, irin na gwangwanin Quaker, don furotin ɗinsu ya yi yawa. Furen nan kuma maimakon a tafasa shi da daɗewa ɗacin ya fito, sai a jibga shi daga ƙarshe ko bayan abin ya huce, ƙamshin ya shiga ɗacin ya ragu, sinadaran furen su kama furotin su tsaya suna yawo cikin ruwan ba su kwanta ba. Har ruwan ma sai an gyara mai gishirinsa, a rage na jifsam a ƙara wani mai sa laushi a baki, a zaɓi irin yis na musamman. Nau'o'in furen da suke yayi, su Citra da Mosaic, da kuma Galaxy na Ostareliya, ƙamshin 'ya'yan itace gare su.

Masu adawa kuwa ba su raga mata ba. Sun ce giyar waɗanda ba su son giya ce, duk ɗanɗanonsu guda, kuma marar ƙwarewa na iya ɓoye kuskurensa cikin hazon. Ga ta ba ta da juriya, iska kaɗan ta shige ta sai ta koma ruwan ƙasa-ƙasa ƙamshin ya mutu, 'yan watanni ta gama yayi. Ku duba fa, abin da aka san shi da jure tafiyar Indiya, jikarsa ta koma kamar kunun aya, wanda in NEPA ta ɗauke da rana kahin magariba ya fara tsami. Duk da haka a 2018 ƙungiyar masu ƙananan kamfanonin giya ta Amurka ta ba ta rukuninta a hukumance, kuma a babbar gasarsu ta shekarar ita ta fi kowace yawan masu shiga. Abokin namu yac ce shi abin da ya ba shi dariya, burkutun dawa da ake yi a ƙasar nan tun kaka da kakanni ai bai taɓa zama garau ba, amma sai da bature ya yi nashi aka kira shi sabon salo.

Yanzu ni ina na tsaya a tamu gardamar? Maganar cewa hurar blenda lalaci ce ban yarda da ita ba, na taɓa tsayawa na ga yadda yaran shagon ke aunawa, in yogot ya yi yawa ta yi tsami, in hura ta yi yawa ta toshe bakin roba, ga wahalar janareta a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Kuma da yawan masu shan ta da can ba su shan hura ko kaɗan, ƙannena mata cewa suke warin nono ke tayar masu da zuciya. To an jawo su, mi ya yi zafi.

Inda na ba Kawu gaskiya wuri guda ne, kuma shi ne kukan da na ga tsofaffin masu waccan giyar na yi, wai ka shiga shago ka tarar layi guda duk mai hazo, tasu ta da sai an tona. Hurar hannu aba ce da ake tauna, ka ji gero, ka ji citta da kanumfari da ɗan yajin da ke kama maƙogwaro, wani ludayin ruwa-ruwa wani ya zo da gaya, kuma kai ke cewa a ƙara nono ko a bar ta da kauri. Blenda ta mai da komai bai ɗaya, sukari ya hau kai ya zauna. Yaron da ya tashi da wannan kaɗai, ranar da aka miƙa mai ƙwarya cewa zai yi ba a gama damawa ba.

Jiya da hantsi na bi ta gindin dogon yaron da wata Bafulatana ke zama tun ina sakandare, ban ishe ta ba, sai can na hango ta bakin ɗaya daga shagunan nan tana juye nono cikin jarka. Na ce Inna lafiya kin bar gindin icce? Tac ce ɗana, nan a tashi guda suke saye su biya ni, can kuwa sai in wuni ina korar ƙuda. Na ce to mu masu son mai gaya fa? Tac ce ranar Juma'a tana zama kahin a tai masallaci, in zo da kwanona, don ƙwaryar ma guda biyu ta rage mata.