Zai maimaita aji saboda aikin gida?

Jiya na raka yayata makarantar ɗanta a nan Gombe. Wai yaron zai maimaita aji biyu na ƙaramar sakandare. Ba faɗuwa ya yi ba fa, a lissafi ma yana cikin na gaba-gaba. Laifinsa dai ba ya yin aikin gida, wato aikin da malamai ke ba su su yi a gida.

Malamin ya buɗe rajista, ya bi layin sunansa da biro, gurbi bayan gurbi babu maki. Na ce, "Allah gafarta Malam, ka taɓa tambayarsa dalili?" Sai ya yi shiru.

Yaron nan daga boko sai Islamiyya, daga can sai shagon babansa a kasuwa har magariba. In ya koma gida a unguwar Pantami, sau da yawa ba wuta, fitilar waya ɗaya suke rabawa da ƙannensa.

Malam na da hujjarsa, ban musa ba. Wanda bai saba zama ya yi aiki ba, WAEC za ta ba shi wuya. Amma shekara guda cur? Ga kuɗin makaranta, ga kunyar zama aji ɗaya da ƙannen abokansa. Na san waɗanda daga nan suka watsar da karatun.

Mun roƙi a riƙa tsayar da shi bayan an tashi, ya yi aikin a aji. Shugaban makarantar ya ce mu dawo ranar Litinin.