Yadda Na Koyi Duba Kafaɗa Daga Baya

A lokacin da nake koyon aikin gashin ƙashi, an sa mu mu riƙa laluben kafaɗun junanmu da hannu kafin a bar mu mu taɓa marar lafiya. Aikin da aka ba ni shi ne in tsaya a bayan abokin karatuna, in ɗora yatsana a kan ƙasan allon kafaɗarsa, shi kuma ya ɗaga hannu a hankali har ya kai saitin kunne. Da farko allon bai motsa sosai ba, amma da hannun ya wuce digiri 30 sai na ji yana zamewa a kan haƙarƙari, yana juyawa waje zuwa hammata.

Abin da yatsana ya ji shi ne abin da likitan ƙashi Verne Inman da abokan aikinsa suka auna a Amurka a 1944: daga cikin digiri 180 na ɗaga hannu, kusan 120 ne kawai suke fitowa daga gaɓar kafaɗa, sauran 60 kuma juyawar allo ce take samar da su.

Ita gaɓar kanta ba ta da zurfi. Kan ƙashin damtse yana zaune ne a gurbinsa kamar lemo a kan murfin kwalba, domin abin da yake taɓa gurbin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Wannan ne ya ba hannu damar juyawa ta ko'ina, kuma shi ne ya sa kafaɗa ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa. Tsokoki 4 ne da suka taso daga allo suke rungume kan ƙashin, suna danne shi cikin gurbinsa yayin da babbar tsokar saman kafaɗa take jan sa sama. Idan suka raunana, ƙashin yakan ɗago ya matse jijiyar tsokar da ta bi ta ƙarƙashin ƙashin da ya rufe saman kafaɗa.

Na ga amfanin wannan a kan wani magini da ya daɗe yana yin filastar gini da hannunsa ɗage sama da kansa, ya zo yana nuna gaban kafaɗarsa da yatsa. Da na sa ya cire riga ya tura bango da tafukansa biyu, sai gefen allonsa na dama ya taso daga haƙarƙari, alamar cewa tsokar da take manne allo da ƙirji ta yi rauni. A ganina, gasa wurin ciwon kaɗai zai kwantar masa da zogi ne na ɗan lokaci. Saboda haka, bisa kulawar malamina, muka fara da motsa jikin da zai ƙarfafa wannan tsoka, sannan muka ƙara da jan roba, gwiwar hannu tana manne da jiki. Ɗaga kaya sama da kai kuwa, mun jinkirta shi har sai da allon ya daina tasowa idan ya tura bango.