Wasa goma a ƙaramar kwaleji: inda kakar ƙwallon Amurka ke lalacewa

Na yi kaka guda ina mataimakin koci a wata ƙaramar kwaleji a jihar Ohayo ta Amurka, a rukuni na uku na NCAA, hukumar wasannin kwalejojin ƙasar. A wannan rukunin ba a ba ɗan wasa tallafin karatu don ƙwallo. Yaron da ya kwana yana karatun jarrabawa shi ne zai sa hular kwano da yamma. Wasa goma ne, daga farkon Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, kusan duka ranar Asabar.

Aikin gaske a Agusta yake. Tun 2017 aka hana atisayen karo sau biyu a rana, kuma kwanakin farko hula kawai ake sawa, sai a ƙara kayan kafaɗa, sannan cikakken kaya. Muna auna nauyin kowa kafin atisaye da bayansa. Wanda ya rasa kilo ɗaya zai sha ruwa kusan lita ɗaya da rabi kafin gobe. Manyan 'yan layi, wato masu jeruwa a gaba suna karo da abokan hamayya, masu kilo 120 zuwa sama, su zafi ya fi kamawa. Bahon ruwan ƙanƙara yana bakin fili kullum. In yaro ya fara surutai ko tangaɗi, a tsoma shi tukuna, asibiti daga baya.

Hula kuwa, bakinta ya tsaya yatsa biyu sama da gira. In ka murɗa ta ta juya ba tare da fatar goshi ta bi ta ba, ta yi sako-sako. Masu jakar iska a ciki sai an duba su kowane mako, don da sanyin Oktoba ya shigo iskar na raguwa.

Kuskurenmu babba yana wurin mai miƙa ƙwallo, wato na tsakiyar 'yan layi biyar, wanda ke tura ta ta tsakanin ƙafafunsa zuwa ga mai jefawa. Mutum ɗaya muka horar. Ya yi targaɗe a idon sawu a wasa na huɗu, muka jawo na kusa da shi. Jiki akwai, hannu babu. Mai jefawa na tsaye yadi biyar a baya, ƙwallon ta riƙa zuwa masa a gwiwa ko ta bi ta saman kai. Dama huɗu ake ba ka ka ci yadi goma. Miƙa ɗaya mara kyau ta mayar da kai baya yadi goma sha wani abu, shi ke nan zagayen ya mutu. Ƙari a kan haka, shi ne ke kiran wa zai tare wa, sabon kuma bai san kiran ba. Da mun ware minti goma kullum mutum uku suna miƙawa tun Agusta, da ba mu zubar da wasa biyu ba.

Mako yana tafiya haka: Lahadi kallon bidiyon wasa a manhajar Hudl, Talata da Laraba karo mai nauyi, Alhamis a sassauta, Juma'a tafiya kawai ba gudu. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya yakan riƙe wasu har ƙarfe biyar, don haka sabon salo Talata muke koyar da shi, mu maimaita Laraba saboda waɗanda suka makara. Abin da bai zauna ba ranar Alhamis, muna cire shi daga takardar kira, wato jerin salon da za mu yi amfani da su ranar wasa, gaba ɗaya.