Kalmar "daft" a bakin mutanen Yorkshire

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki a Bradford, wani birni a yankin Yorkshire na Ingila, babu kalmar da ta kai "daft" yawo. Ƙamus zai ce maka wawa ko sakarai take nufi, amma mutanen arewacin Ingila ba nan suka tsaya da ita ba.

Wata tsohuwa da nake kai wa shayi da safe ita ta fi jefo min ita. In na ba ta haƙuri don na makara, sai ta kaɗa hannu ta ce "don't be daft", wato kai dai bar zancen nan. Haka maƙwabcina ya ce ranar da ya rage min hanya cikin ruwan sama na miƙa masa kuɗin mai. In na sa tsohuwar dariya kuwa, na zama "daft 'apeth", sakaran sisin kwabo ke nan, don 'apeth ɗin gutsuren "halfpennyworth" ne, wato abin da darajarsa ba ta wuce tsohon rabin kwabonsu da aka daina karɓa tun 1969 ba. Kuɗin ya mutu, tsokanar tana nan. Ni wasan kaka da jika nake ji a cikinta, kuma ba a yi wa baƙo sai an saba da shi.

Asalinta ma abin mamaki ne. A tsohon Turanci, shekara dubu da suka wuce, mai sanyin hali da ladabi ake kira haka. Sannu a hankali aka mayar da shi marar wayo. "Silly" ma da can mai albarka take nufi. Ashe ba mu kaɗai ke raina mai haƙuri ba.

Sai dai fa a duba fuskar mai maganar. In shugabar aiki ta faɗe ta da ɗaurarriyar fuska a gaban mutane, zagi ne tsagwaronsa.

Ni dai bakina ya kasa mayar wa mai furfura da ita, ko da wasa. Matsalar tana gida. 'Yata ta kwaso ta a makaranta, rannan na ce ta ƙara rigar sanyi, ta ce "don't be daft, Baba". Uwarta ta ajiye ludayi ta fito daga kicin. Da ƙyar na shiga tsakani, muka yanke cewa a ƙofar makaranta za ta riƙa barin ta.