Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙararrawar da Na Kashe da Alƙalami

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda Kawu ya samo mini aikin tafinta a wani ƙaramin kamfani a Malabo, masu kai wa ma'aikatan haƙar mai abinci can cikin teku. Yau kuma labarin yadda na kusa raba wani dattijo da abincinsa ne, ban ɗaga masa murya ba, ban taɓa shi ba, kalma ɗaya kawai na rubuta.

Ga waɗanda suka riske mu a tsakiya, Malabo tana kan tsibirin Bioko ne, a ƙasar Gini Ikwatoriya, wadda ta samu 'yanci daga Sifaniya ranar 12 ga Oktoba, 1968. Takardar gwamnati, shari'a, makaranta, duk da Sifaniyanci ake yi. Amma tun da mai ya ɓulla a tsakiyar shekarun 1990, Turawan Amurka da na Birtaniya suka kwararo, mafi yawansu kuwa Ingilishi kaɗai ke bakinsu. A tsakanin waɗannan harsuna biyu irina ke samun na tuwo. Ingilishi da shi na zo daga makaranta a Kano. Sifaniyanci kuwa tsintarsa na yi a kasuwar Semu da gefen tukubar Kawu, daga baya na gyara shi a ajin yamma da kuma ɗakin karatu na Cibiyar Al'adun Sifaniya. Akwai kuma Pichi, wani Ingilishin gari da ya samo asali daga Kiriyon Saliyo, tun zamanin da Turawan Ingila suka kafa garin a 1827 suna kiransa Port Clarence. Wanda ya iya Burokan Najeriya ba zai daɗe ba zai kama shi.

Farkon 2012 ne, lokacin gasar cin kofin nahiyar Afirka da Gini Ikwatoriya ta shirya tare da Gabon. Gari ya cika da baƙi, kaya sun yi tsada, sai kamfaninmu ya tara nama da kaji maƙil a ɗakin sanyi don kada a rasa. Wani dare janareta ya tsaya. Kafin gari ya waye rabin naman ya tashi aiki.

Injiniyanmu, wani Bature ɗan Sikotlan daga garin Aberdeen, ya rubuta rahoto gajere. Manaja ɗan ƙasa ne, Sifaniyanci yake karantawa, don haka aka miƙo mini takardar. Har yau ina iya karanta layukan nan uku da ka: The lights went off at ten past two. The alarm went off. By morning the meat had gone off.

Ku duba da kyau. Magana ɗaya ce, go off, ta fito sau uku a jere. Ta farko ban tsaya ba, wuta ce ta ɗauke, na rubuta las luces se apagaron. Ta uku ta tsayar da ni, domin nama ba fitila ba ne balle a kashe shi. Na buɗe ƙamus, na ga cewa idan abinci ne ana nufin ya lalace, na rubuta la carne se había echado a perder, har ina jin daɗin na kuɓuta daga tarko. Ta tsakiyar ce ban duba ba. Wuta ta mutu, to me zai hana ƙararrawa ta mutu? Na rubuta la alarma se apagó, wato ƙararrawa ta mutu, na sa hannu, na miƙa.

Duk wanda ya tashi a Najeriya ya san daga ina wannan ya fito. A Ingilishinmu na gida off kashewa ce kawai. Malami zai ce off the fan, uwa ta ce off the light, har mukan ce put off the generator, alhali a wajen Bature put off ɗage abu ne zuwa wani lokaci. Kunnena ya riga ya saba, da ya ji off sai ya ji shiru da duhu.

Abin da ban sani ba shi ne ƙararrawar nan batirinta daban, ɗaukewar wuta ba ta kashe ta. Hanya ɗaya ce ake sa ta yi shiru, da wani ɗan makulli da ke rataye a ɗakin gadi. Mai gadin daren kuwa wani dattijo ne ɗan ƙabilar Bubi, ya haura sittin, jikokinsa uku suna hannunsa. Manaja ya karanta takardata ya haɗa lissafi: ƙararrawa ba ta mutuwa da kanta, makulli na hannun tsoho, ashe kashe ta ya yi don ya yi barcinsa. Ranar aka sallame shi. Ni ban ma san an yi ba, ina can ina fassara takardar kayan gwangwani.

Bayan kwana shida ya zo wajen Kawu da daddare. Dama yakan tsaya ya sayi tsire na ɗari biyar in an yi albashi. Wannan karon bai sayi komai ba, ya zauna a benci yana ba Kawu labari da Pichi, muryarsa tana rawa. Ya ce ƙararrawar ta yi ta kururuwa har karnukan maƙwabta suka ɗauka, shi kuma ya yi ta kiran lambar da aka ba shi har kuɗin wayarsa suka ƙare, sannan ya taka da ƙafa cikin dare ya je ya buga ƙofar wani direban kamfani. Ya ce, "Shekara tara ina gadin nan, ko cokali bai taɓa ɓata ba. Yanzu an ce takarda ce ta ce na kashe. Wace takarda?"

Ina tsaye ina yanka albasa, sai na ji hannuna ya yi sanyi.

Da ya tafi na gaya wa Kawu komai, har da layukan uku. Kawu bai yi boko ba, allo ya yi, amma ya zauna a Kalaba da Duwala kafin Malabo, harshe biyar yake ciniki da su. Ya juya tsirensa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kai yaro, in na ce maka kasuwa ta tashi, me ya faru?"

Na ce, "An watse, Kawu."

"In na ce rikici ya tashi fa?"

"An fara."

"To ka gani. Tashi ɗaya ce, nan ta rufe, can ta buɗe. Jirgi ya tashi, farashi ya tashi, bam ya tashi, gari ya tashi, ƙullu ya tashi. Ka taɓa ruɗewa? Ba ka taɓa ba, don ba tashi kake saurare ba, abin da ya tashi kake kallo. Me ya sa kake zaton Bature ba shi da irin tasa tashin?"

Ban yi barci ba daren nan. Da sassafe na tare injiniya a bakin janareta na tambaye shi da kalmomin da ba su da fuska biyu: ƙararrawar nan, ƙara ta yi ko shiru ta yi? Ya kalle ni da mamaki, ya ce ƙara mana, ai abin da ya rubuta ke nan, kuma na'urar ta nuna ta fi minti arba'in tana yi. Ashe shi ma bai san dalilin sallamar tsohon ba, an dai ce masa an canza mai gadi. Abin da ya kamata in rubuta shi ne saltó la alarma ko sonó la alarma, ƙararrawa ta buga.

Shiga ofishin manaja ranar ya fi mini komai nauyi tun da na bar gida. Wata uku kacal da fara aikina, ga takardar zama da ban gama biya ba. Na ajiye takardun biyu a gabansa, na nuna masa layin, na ce kuskuren nawa ne, tsohon nan gaskiya ya faɗa. Ya yi faɗa sosai, kuma yana da gaskiya. Amma ya aika aka kira dattijon, aka mayar da shi, aka biya shi kwanakin da ya yi a gida. Lambar da ya yi ta kira kuwa, aka gano ta wani ce da ya bar aiki tun bara ba a sauya ba. Ni aka ce daga ranar duk rahoton da ya shafi laifin wani, sai na karanta wa wanda ya rubuta shi abin da na fahimta kafin in sa hannu. Wannan sharaɗin har yau ina bin sa, ko ba wanda ya sa ni.

Da yamma na je gidansu a unguwar Ela Nguema. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne na rubuta takardar. Ka yafe mini." Ya daɗe yana kallona. Sai ya sa jikarsa ta kawo mini ruwa, ya ce in zauna a kujera, ƙasa akwai sanyi.

A makon na sayi littafin rubutu mai shafi sittin, na ware wa kowace irin wannan magana shafinta. Turawa suna kiransu phrasal verbs: aikatau ne gajere, kamar go ko take ko put, a liƙa masa wata 'yar kalma kamar off ko up ko out, sai ma'ana ta sauya, wani lokaci ta yi nisa da asalinta har ba ka gane ta. Sifaniyanci ba ya gina magana haka. Kusan kowace ma'ana da aikatau nata daban, don haka dole mai fassara ya zaɓa, ba wurin ɓuya. Bature zai iya cewa take off ya wuce abinsa, ni kuwa sai na san me aka yi. In jirgi ne ya tashi, despegar. In riga aka tuɓe, quitarse. In an rage kuɗi a ciniki, descontar. In ma'aikaci ya ɗauki hutun kwana ɗaya, tomarse el día libre. Shafin break down ya ɗauki mota da ta lalace, averiarse, da lissafin da aka warware dalla-dalla, desglosar, da mutumin da ya fashe da kuka, echarse a llorar. Shafin make up ya fi kowanne cika: ƙirƙiro labari, inventar, kwalliya, maquillarse, sulhu bayan faɗa, hacer las paces, rama abin da aka rasa, compensar. Pass out kuwa sai da na ja masa layi biyu, domin mu a gida mun fi saninsa da faretin gama hidimar ƙasa, amma in ya fito a rahoton likitan jirgi suma ce, desmayarse.

Abin da ya sauya aikina gaba ɗaya shi ne layin da na ƙara a tsakiyar kowane shafi, na Hausa. Na daina tsallakawa daga Ingilishi kai tsaye zuwa Sifaniyanci. Sai in fara tambayar kaina, da a Fagge abin nan ya faru, yaya zan ba da labarinsa? In Hausar ta fito sarai, Sifaniyancin ba ya wuya. In Hausar ta ƙi fitowa, to ban gane ba ke nan, sai in tashi in je in tambaya. Mu da muke cin abinci, mu ci jarrabawa, mu ci bashi, mu ci amana, mu ci gaba, mu ci kasuwa, mu sha ruwa, mu sha wuya, mu sha iska, mu sha alwashi, bai kamata a ce irin wannan ta ba mu tsoro ba. Mun tashi a cikinta, ba mu dai lura ba ne.

A nan kuma na gano wani abu da ya faranta mini rai. A wajen bayyana motsi, Hausa ta fi kusa da Sifaniyanci fiye da Ingilishi. Bature zai ce he ran out, gudun ne aikatau, fitar kuma tana cikin 'yar kalmar ƙarshe. Basifaniye zai ce salió corriendo. Mu kuma mu ce ya fita da gudu, daidai wa daida: fita a gaba, gudu na biye. Haka entró corriendo, ya shiga a guje. Bajó corriendo, ya sauka a guje. Shekaru bayan nan na karanta cewa wani masanin harshe Ba'amurke, Leonard Talmy, ya yi bayanin wannan bambanci tun 1985, ya raba harsuna gida biyu a kansa. Na ji daɗin ganin abin da na tsinta a littafin shafi sittin yana da suna a wajen masana.

Kada kuma wani ya ɗauka Sifaniyanci ba shi da nasa ramukan. Echar jefawa ce, amma echar una mano taimako ne, echar de menos kuma kewa. Quedar da quedarse harafi biyu ne tsakaninsu, ɗaya yana iya zama sa lokacin haɗuwa da wani, ɗaya zama a wuri. Acordar yanke shawara tare, acordarse tunawa. Injiniyan nan da ya fara koyon Sifaniyanci, a kan waɗannan ya yi ta tuntuɓe, ni nake ɗaga shi, shi kuma yana cika mini shafukana da irin na bakin ma'aikatan mai, kamar shut in na rufe rijiya da blow out na ɓallewarta.

Dattijon ya ci gaba da gadinsa har ƙarfinsa ya ƙare. Duk daren albashi yakan tsaya wajen Kawu, Kawu kuma ya ƙara masa tsinke biyu a kan na ɗari biyar ɗinsa, ya rubuta a kaina. Bai taɓa tayar da maganar ba. Sau ɗaya ne kawai, ya same ni ina rubutu a littafin nan ƙarƙashin fitilar tukuba, ya leƙa, ya tambaye ni ko takardar wani ce. Na ce a'a Baba, tawa ce. Ya gyaɗa kai ya karɓi tsirensa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da aka fara tura ni cikin teku a jirgi mai saukar ungulu, da abin da na tarar a can.