Kafin mu taɓa kwamfutar kowa, sai mun leƙa rajista

Ƙaramin shago gare ni, ni da yara biyu. Yawancin aikinmu tsofaffin kwamfutoci ne 'yan gwanjo da ƙananan makarantu ke saye, waɗanda Windows 11 ta fi ƙarfinsu. Sai mu ɗora musu Debian, wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, su ci gaba da lallaɓawa.

'Yan sa-kai ne ke haɗa Debian tun 1993, kuma ba sa bin kalanda irin na Ubuntu, wani tsarin makamancinsa, mai fitowa duk Afrilu da Oktoba. Rajista gare su inda ake kai ƙarar kowace matsala, a ba ta lamba, a auna nauyinta. Wadda ta kai ga ɓata bayanai ko tsayar da manhaja cik, ita ke riƙe sabon zubi. Manhajar da ta rasa mai gyara kuwa, cire ta ake yi a wuce. Shi ya sa ba na yi wa kwastoma alkawarin rana sai na duba ko abin da yake aiki da shi yana cikin masu laifi.

Ranar Asabar 9 ga Disamba 2023 aka shirya fitar da sabon zubin Debian mai lamba 12.3. Muna ɗakin kwamfuta na wata makaranta, an tayar mana da janareto, shugabar tana ta lissafin man da ke ƙonewa. Babban yarona har ya buga umarnin sabuntawa, saura ya danna. Ina duba waya sai ga sanarwa: an gano kernel 6.1.64, wato zuciyar tsarin, na iya lalata fayiloli a ext4, tsarin da ake ajiye fayiloli da shi a faifai, a dakata. Duk injinan ɗakin a kan ext4 suke, har da wanda sakamakon jarrabawa ke ciki.

"Kai, ɗauke hannunka!"

"Oga, ai shi ne sabo."

"Sabon ne matsalar."

Washegari suka tsallake lambar, suka fitar da 12.4 da gyaran. Mu dai mun tafi ba ko sisi, muka dawo Litinin.

Inda nake fama shi ne koyar da yaran. Rajistar ta imel take aiki, su kuma WhatsApp suka sani. Ga ƙara ɗaya mutum biyar sun shigar da kalmomi daban-daban, sai ka bi zaren har ƙasa kafin ka gane an riga an gyara. Yanzu na ɗora wa ƙaramin aikin karanta ta duk safiya kafin ya taɓa sukundireba. Har yau yana gunaguni.